Minti Nawa Kake Ba Tsaron Kanka a Rana?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karantawa.

Yau da tambaya ɗaya na zo, kuma ina so kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah kafin mu yi nisa. Daga tashinka da asuba zuwa kwanciyarka da dare, minti nawa kake ɗauka kana tunanin tsaron lafiyarka? Ba tsaron ƙasa nake nufi ba fa. Wannan kowa gwani ne a kansa, a majalisa da teburin mai shayi duk mun zama janar-janar. Kai ɗin nan nake nufi, da jikinka, da hanyar da kake bi kullum.

Na fara yi wa ƙanwata wannan tambayar. Ɗaliba ce, kullum a adaidaita sahu take zuwa makaranta a nan Kano. Ta kalle ni ta yi dariya, ta ce, "Yaya, ai ku maza ne kuke da damar lissafa minti. Ni ban san lokacin da ba na yi ba."

Na ce to faɗa min, me kike yi?

Sai ta fara jerowa. Kafin ta shiga adaidaita sai ta leƙa ta ga su wa ke ciki. In ranta bai kwanta ba, ta ce ya wuce, ko da rana na dukanta. Kuɗin mota daban take riƙe shi a hannu don kada ta buɗe jaka a gaban mutane. Wayarta tana cikin hijabi, in an kira ba ta ɗauka sai ta sauka. In magariba ta kusa kuma tafiyar ba dole ba ce, ta fasa. In dole ce, ta karanta lambar da ke jikin adaidaitan ta tura wa Umma. Ta ce duk wannan ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata, ƙawayenta ma haka suke yi.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Gida ɗaya muke, titi ɗaya muke bi, amma kamar ba gari ɗaya muke zaune ba. Don ni in gaskiya zan faɗa, shekara da shekaru amsata sifili ce. Ko minti ɗaya ba na yi. Har ranar da aka koya min hankali.

Bari in ba ku labarin. Bayan sallar isha ne, ina tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa. Abin sauraro a kunnena, kaina a sunkuye, ina ta musu a wani zauren WhatsApp a kan ƙwallo. A kan ƙwallo fa! Ban ga zuwansu ba. Kawai ji na yi an tsaya a jikina. Yara biyu ne, in sun yi yawa su kai shekara sha takwas. Ɗaya ya ɗaga rigarsa kaɗan na ga wuƙa, ya ce, "Kawo."

Ni ne fa mai cewa a majalisa, "Ai in ni ne, sai dai a mutu." Ni ne mai kallon finafinan faɗa ina gyara wa jarumi yadda zai kai naushi. Ranar ƙamewa na yi. Bakina ya bushe, ƙafata ta yi nauyi, hannuna da kansa ya miƙa wayar. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba, suka shige lungu.

Na koma gida ina jin kunya, ina ta cewa da na yi kaza, da na yi kaza. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai, yi mana shiru. Gara mu yi maka jaje da a zo yi mana gaisuwa." Maganar nan ta zauna min har yau.

Amma ga inda abin ya fi ciwo. Ba wayar ce babbar asarar ba. Layina ba shi da lambar sirri, kuma shi ne a haɗe da asusuna na banki. Na ce bari gari ya waye in je in rufe. Kafin gari ya waye an riga an yi min ta'adi. Abin da minti biyu zai hana, da na zauna wata rana na saka wa layin makulli, shi ya ci min kuɗin da na yi wata uku ina tarawa.

To tun daga nan na fara lura da mutane a kan wannan magana, sai na ga mun kasu kusan kashi uku.

Kashi na farko su ne irina na da. "Abin da zai faru zai faru." In ka ce masa ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce kai matsoraci ne, ko ya ce ba ka da tawakkali. Amma shi ɗin nan da dare sai ya kulle babur ɗinsa da kwaɗo biyu. Ka ga ashe ya san rigakafi, babur ɗin kawai ya fi daraja a wajensa.

Kashi na biyu su ne waɗanda tsoro ya cinye. Duk bidiyon jini da aka turo sai sun kalla, sai sun tura gaba. Duk saƙon murya na "ku yi hattara, an ga wasu baƙi" sai sun yaɗa ba tare da sun san wa ya yi shi ba, ko a wace shekara. Ba sa barci sosai, kowa abin zargi ne. Tunanin tsaro suke yi awa ashirin da huɗu, amma ka tambaye shi lambar kiran gaggawa, bai sani ba.

Kashi na uku su ne jarumai. Su tunaninsu na tsaro duka a kan faɗa yake. Wace wuƙa zan saya, wane naushi zan koya, wane malami ke ba da maganin ƙarfe.

Abin da na fahimta shi ne, duka ukun nan wuri ɗaya suka yi kuskure. Sun ɗauka tsaron kai abu ne da ake yi lokacin da abin ya faru. Alhali yawancinsa kafin nan ake gama shi. Lokacin da wuƙa ta fito, an riga an makara.

Akwai wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, ya rasu a 2006. Masu riƙe bindiga yake koyarwa, amma akwai abu ɗaya da ya bari wanda zai amfani har mai tallan goro. Ya raba yanayin hankalin mutum gida huɗu, ya ba kowanne launi. Fari shi ne hankalinka ba ya wurin kwata-kwata, kamar ni a bakin titi ina musun ƙwallo. Ruwan ɗorawa shi ne kana natse, ba ka tsoron komai, amma idonka a buɗe, ka san wa ke gabanka da wa ke bayanka. Ruwan goro shi ne ka hango wani abu takamaimai da bai yi maka ba, ka fara shirya abin da za ka yi. Ja kuma shi ne abin ya tabbata, sai aiwatarwa.

Shawararsa ita ce in kana waje, ka zauna a ruwan ɗorawa. Kuma ku lura, ruwan ɗorawa ba fargaba ba ce. Ku dubi direban da ya ƙware. Yana tuƙi yana hira, yana dariya, amma lokaci-lokaci idonsa na kai wa madubi. Ba tsoro yake ji ba, kuma ba ya gajiya da hakan, don ya zama masa jiki. Ƙanwata a nan take zaune. Ni kuwa daga fari aka ɗauke ni aka jefa ni ja, shi ya sa na ƙame.

Kuma ƙamewar nan, don Allah duk wanda ta taɓa faruwa da shi ya daina zagin kansa. Haka jikin ɗan Adam yake. In tsoro ya zo ba zato, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, ƙananan abubuwa irin su danna lamba a waya ko saka mukulli a ƙofa su gagara. Wani ya yi faɗa, wani ya gudu, wani ya daskare. Ba ka sanin wanne ne kai sai ranar. Abin da ke taimakawa shi ne ka riga ka yanke shawara tun kana cikin natsuwa, don a lokacin ƙwaƙwalwa ba ta da sararin yin sabon lissafi.

Yanzu bari mu zo kan jarumai, don na san da yawa cikin masu saurarenmu samari ne, kuma jini na tafasa.

A 1983 wani ɗan sanda a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya yi wani gwaji. Ya auna tsawon lokacin da mai riƙe da wuƙa zai ɗauka ya iso kanka daga nisan ƙafa 21, wato mita shida da ɗan wani abu. Ya samu kusan daƙiƙa ɗaya da rabi ne. Wannan fa magana ake yi a kan ɗan sandan da aka horar, da bindiga a ƙugunsa, kuma duk da haka da ƙyar ya zaro ta a kan lokaci. To kai da mutumin yana tsaye a jikinka, taka wuƙar tana cikin safa, yaushe za ka sunkuya?

Sannan su ba su cika zuwa su kaɗai ba. Wanda ka gani ɗaya ne, akwai na bayanka. Wani lokacin ma a buge suke da ƙwaya, ba sa lissafin abin da zai biyo baya. Kai kana da uwa da ke jiranka, kana da jarrabawa, kana da wadda ka yi wa alkawari. Shi a daren nan ba abin da yake gani sai wayar. Mu a Kano mun sha jin labarin matasan da aka rasa saboda waya. Ba na buƙatar kiran suna, kusan kowace unguwa tana da nata.

Maganin ƙarfe kuwa, ni ba zan yi dogon musu da kowa ba. Abin da na sani shi ne mun sha ji a labarai an gwada a kan mutum ya mutu nan take. Ka tambayi kanka ko kana son ranka ya zama wurin gwaji.

Ba cewa nake kada a koyi dambe ko kokawa ko takwando ba. A koya mana, yana da kyau. Yana ba da lafiya, yana ba da numfashi, yana sa ka san yadda duka yake don kada ka ruɗe. Amma duk malamin kirki da ke koyar da faɗa zai gaya maka, in ka ga wuƙa kuma akwai hanya, ƙafarka ce makaminka. Ka iya gudun mita ɗari biyu ba tare da ka faɗi ba? Fara daga nan.

Akwai kuma ɓangaren doka, wanda yawancinmu ba mu taɓa tunaninsa ba. Gaskiya ne doka ta ba ka damar kare kanka. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi maganarsa, haka ma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. Amma da sharaɗi: ƙarfin da za ka yi amfani da shi kada ya wuce abin da ake buƙata don kawar da haɗarin. In haɗarin ya kau, damar ta ƙare.

Wataƙila kun ji shari'ar wani manomi a jihar Adamawa. Ya ce an kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soki maharin, mutumin ya mutu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa, kuma a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, bisa cewa tunda ya ƙwace makamin yana da damar guduwa. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, mutane da yawa sun ga ba a yi masa adalci ba. Ni ba alƙali ba ne. Abin da nake so ku ɗauka shi ne mutumin ya shafe shekaru a tsare a kan abin da ya faru cikin 'yan daƙiƙu. Duk mai saka wuƙa a aljihu da sunan kariya, ya san ko ya yi nasara a titi, akwai sauran magana a gaban kotu. Kuma in 'yan sanda suka tare ka a samame suka same ta a jikinka, ta yaya za su bambanta ka da waɗanda suke nema?

Su kuma 'yan kashi na biyu, masu yawan tsoro, kada ku ɗauka naku ba ya cutar da kowa. Tsoron da ba a yi masa linzami ba yana kisa. Ku tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025. Mafarauta ne 'yan Arewa suna hanyar dawowa gida daga Fatakwal don yin Sallah. Aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe. Duk mun yi kuka, mun yi Allah wadai. Amma mu ma a unguwanninmu, sau nawa aka yi ihun "ɓarawo" muka fito da sanduna ba tare da mun tambayi me ya sata ba? Wanda ya kwana yana kallon bidiyon tashin hankali, shi ne gobe yake fara ɗaukar dutse.

To minti nawa ya kamata? Ni a ganina biyar sun isa a rana, in dai a inda ya dace aka kashe su. Ga yadda na tsara nawa, kowa ya gyara daidai da rayuwarsa.

Akwai na yi sau ɗaya a huta. Yau ɗin nan, ka shiga saitin wayarka ka saka wa layinka lambar sirri, ta yadda in an cire shi aka saka a wata wayar ba zai buɗe ba. Ka danna *#06#, lambar IMEI ta wayarka za ta fito, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta ta ita ma. Ka haddace lambar mutum biyu na gida a ka, don ranar da aka karɓi wayar, da ita aka tafi da duk lambobinka. Kuma ka san 112 ita ce lambar kiran gaggawa a Najeriya, kyauta ce.

Akwai na kafin fita. Minti ɗaya a bakin ƙofa: ina za ni, ta ina zan bi, ƙarfe nawa zan dawo, wa ya sani? Mu samari muna ganin gazawa ne ka ce wa Umma ga inda za ka. Ba gazawa ba ce. In wani abu ya faru, awannin farko su ne masu tsada, kada a ɓata su ana tambayar abokanka ɗaya bayan ɗaya.

Akwai na kan hanya. Waya a aljihu. In kira ya zama dole, ka shiga shago ko ka jingina da bango inda kake ganin kowa. Kunne ɗaya aƙalla a buɗe. In ka ciri kuɗi a wajen mai POS, kada ka tsaya ƙirgawa a bainar jama'a. In ka shiga mota ko adaidaita ranka bai kwanta ba, ka sauka, ba sai ka ba kowa dalili ba. Mu Hausawa kunya na cutar da mu a nan. Kada a ce na zargi mutane, kada a ce na cika tsoro. Asarar kuɗin mota ɗaya ba komai ba ce.

Sai shawarar da za ka yanke tun yanzu, kana zaune lafiya: in an nemi kaya, zan bayar. Ka faɗa wa kanka har ya zauna. Waya, kuɗi, babur, duk ana sake samu. Inda lissafi ke canzawa shi ne in kai ɗin ake so a tafi da kai, ko ana son keta mutuncinki. Nan kam in akwai jama'a kusa kuma akwai dama, ihu da gudu da duk abin da Allah ya hore.

Na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa ba. In aka soki wani a gabanka, ka san abin yi? Ka samu tsumma ko riga ka danne wurin da ƙarfi, kada ka saki. In wuƙar tana jiki kada ka zare ta. A nufi asibiti nan take. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma akwai dokar 2017 da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sau da yawa mutane na kewaye wanda ya ji rauni, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, jini na zuba. Hannu ɗaya da zai danne wurin ya fi kyamara hamsin.

Kafin in rufe, magana ɗaya ga 'yan uwana maza. Nauyin da ƙanwata ke ɗauke da shi kullum, wani ɓangarensa mu ne muke ɗora mata. Bin mace a lungu da magiya bayan ta ce a'a, tsayawa da mota a gabanta da dare, zama a bakin layi ana jifanta da magana. Kai a wajenka wasa ne ko neman aure. Ita a wajenta ruwan goro ne, ta fara lissafin ta ina za ta gudu. In muka gyara wannan kaɗai, mun rage wa mata rabin tunanin.

Kuma na sani, wani zai ce duk wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, haƙƙinmu ne a tsare mu, a saka fitilu a titi, a kama masu sayen wayoyin sata, a samar wa yaran nan abin yi. Za mu ci gaba da faɗa, ba za mu gaji ba. Amma kafin a yi, gobe da safe kai ne za ka fita.

Ni dai yanzu in na tsaya a bakin titi, wayata na aljihu. Musun ƙwallo yana jirana har in isa gida, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba.

Ku faɗa mana naku. Minti nawa kuke yi, kuma wace ɗabi'a ce ta taɓa tserar da ku? Musamman 'yan uwa mata, muna so mu ji daga gare ku, don a wannan fannin ku ne malamanmu. Wanda kuma bai saka wa layinsa lambar sirri ba, ya je ya yi yanzu kafin ya rubuta komai.

Allah Ya tsare mu, Ya tsare iyayenmu, Ya shiryi yaran da suka ɓata. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.